Magana Zarar Bunu

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Mu 'yan gidanmu mun daɗe muna jin wannan karin magana, amma ba mu san nauyinta ba sai a shekarar 2014, lokacin da ƙanenmu ya tsaya gaban alƙali a birnin New York na ƙasar Amurka ya amsa laifin da bai aikata ba, kuma da yardarmu.

Tasi yake tuƙawa a can, yana da takardar izinin zama na dindindin. Wata rana 'yan sanda suka tsayar da shi, suka sami ƙullin ƙwaya a ƙarƙashin kujerar baya, inda fasinjoji ke zama. Da yake ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, sai kotu ta ba shi nata. Lauyan ya gana da shi na 'yan mintuna, ya ce idan ya amsa laifi ba za a ɗaure shi ba. Da ƙanenmu ya tambayi makomar takardunsa, sai ya ce masa babu abin da zai taɓa su.

A daren nan ya bugo mana waya. "Yaya," in ji shi ga babbanmu, "wallahi ba kayana ba ne. Yaya zan amsa abin da ban yi ba?" Mu kuwa muka taru a kansa, wannan ya ce ya yi haƙuri, wancan ya ce lauya ya fi shi sanin dokar ƙasar. Inna kaɗai ce ta yi shiru. Ya bi maganarmu, aka sallame shi, muka yi hamdala.

Bayan shekara biyu ya zo gida ganin Inna. Da ya koma, tun a filin jirgin sama jami'an shige da fice suka tsare shi, domin a dokar ƙasar laifin ƙwaya irin wanda ya amsa ya isa a kori baƙo. A nan ne muka soma karatun dole a wurin wata lauya da muka haɗa kuɗi muka ɗauka.

Ta fahimtar da mu cewa wanda ya amsa laifi da bakinsa ya rufe wa kansa yawancin ƙofofin ɗaukaka ƙara. Ƙofar da ta rage ita ce a koma kotun da ta yi hukunci, a nuna cewa lauya bai yi aikinsa ba. Tun a 1984, a shari'ar Strickland, Kotun Ƙolin Amurka ta gindaya sharaɗi biyu: a tabbatar aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga lauya, sannan gazawar ta cutar da wanda ake tuhuma. A 1985, a shari'ar Hill, ta ƙara da cewa wanda ya amsa laifi sai ya nuna da ya sami shawara ta gari da ya zaɓi a yi shari'a.

Abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa shi ne hukuncin 2010 a kan Jose Padilla, haifaffen Honduras, wanda ya shafe fiye da shekara 40 a Amurka har ya yi mata yaƙi a Biyetnam. Shi ma lauyansa ya ce kada ya damu da batun kora. Kotun ta yanke cewa wajibi ne lauya ya gaya wa baƙo idan amsa laifi zai iya jawo masa kora. Sai dai a 2013 ta ce wannan bai shafi shari'un da aka kammala kafin hukuncin ba. Da ƙaddarar ƙanenmu ta zo shekara biyar kafin lokacinta, da ƙofar ta ƙara ƙunci.

Sharaɗi na biyu shi ne ya tona mana asiri. Domin a nuna cewa bai so amsawa ba, sai da babbanmu ya rubuta takardar rantsuwa, ya bayyana yadda yaron ya yi ta musu a waya, da yadda muka danne shi. Ba mu taɓa rubuta abin da ya fi wannan ɗaci ba.

A ƙarshe alƙali ya soke amsawar. Wannan ba wankewa ba ce, mayar da ƙara farko ne kawai, kuma sai da aka ƙara watanni kafin masu gabatar da ƙara su janye. Kafin nan mota ta tafi, ɗan abin da ya tara ya ƙare.

Alal haƙiƙa lauyan farko ya yi sakaci, kuma doka ta sami sunan da ta kira sakacinsa. Namu kuwa babu kotun da za ta saurara. An raine mu a kan haƙuri da girmama masani, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma mun ɗauki gaggawar rabuwa da damuwa mun kira ta haƙuri. Ranar da labarin janye ƙarar ya iso, Inna ta dube mu ta ce, "Yaro ya ce muku bai yi ba. Me ya hana ku tsaya a nan?" Har yau ba mu ba ta amsa ba.