Abin Da Za A Kunna Bayan Isha'i A Ƙasar Gobir

Dare ya sauya hannu a ƙasar Gobir. Duk wanda ya manyanta tsakanin Sabon Birni da Isa ya san lokacin da bayan isha'i yake na dandali: 'yan mata na gaɗa, samari na langa, tsofaffi na jan tatsuniya a tsakar gida, jefi-jefi kuma motar majigi ta iso gari a haska Baban Larai a jikin farin ƙyalle. Daga baya gidan kallo ya karɓe samari. Yau a Gatawa da Unguwar Lalle da ƙauyukan da ke bakin gulbi, da rana ta faɗi kowa neman ƙofarsa yake yi, domin dajin da ke kewaye ba na manomi ba ne shi kaɗai. Abin da ya rage wa iyali na hira shi ne ɗan gilashin nan mai haske, talabijin mai aiki da sola ga mai hali, waya ga sauran jama'a. Saboda haka tambayar abin da ya kamata a kalla a gida, wadda a Kano ko Abuja tambayar nishaɗi ce, a nan ta hau gurbin da kaka take zaune a da, tana zaɓar tatsuniyar da za ta shiga kunnen jika.

Ma'aunin da shekaru suka bar mini guda ɗaya ne. A duba inda fim yake ajiye idonsa bayan an harba bindiga. Akwai wanda ke bin mai harbin, ya nuna takunsa da tabaraunsa da yadda gari ke sunkuyar masa da kai, gawar kuwa ta ɓace kamar ba uwa ce ta haife ta ba. Akwai kuma wanda ke tsayawa a gidan da aka yi wa rashi, ya nuna wanda zai yi wanka da sutura, da wanda zai ci da marayu. Yawancin finafinan faɗa na Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa, waɗanda yara ke haddace zantukansu, suna cikin kashi na farko: jarumi ya karkashe yaran bos arba'in, a yi waƙa, a tashi. Ba na cewa fim ne ya haifi ɓarayin daji. Wannan masifa tana da iyayenta sanannu, wato rikicin gona da burtali, da zaluncin da ba a yi wa hukunci ba, da talauci, da makaman da suka malalo cikin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Amma fim yana koya wa yaro wanda zai yi sha'awar zama, kuma a yankin da ɗan shekara sha biyu ke ganin mai bindiga yana karɓar haraji daga hannun ubansa kafin a bar shi ya girbe gero, ba ma bukatar wani malami da zai ƙara gaya masa cewa mai bindiga shi ne namiji.

Da wannan ma'auni, fim na farko da zan sa a gaba shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934. Labari ne na yaron da aka sace yana ƙarami a zamanin cinikin bayi, ya bi hannu-hannu har wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu ya zama malami. Amma nauyin labarin yana kan mahaifiyarsa, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta sha wuyar bauta shekara da shekaru, ba ta sadu da shi ba sai ƙarfinta ya ƙare, ta cika jim kaɗan bayan haɗuwarsu. Babu gida a gabashin Sakkwato da zai kalli wannan mata ya ce baƙuwa ce. Ita ce uwar da ta sayar da akuya da gona don haɗa kuɗin fansa, ita ce wadda ke zaune a Gidan Rumji, can Nijar, cikin 'yan gudun hijira tana jiran labari. Fim ɗin yana tafiya a hankali, matasa za su ce yana da sanyi, kuma samunsa ya fi samun na Indiya wuya nesa ba kusa ba, duk da cewa an gyara tsohon faifansa har aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin takaici ne a ce Jamusawa sun zauna sun kalle shi a babban allo alhali jikokin masu labarin ba su san da shi ba.

Na biyu daga Mali labarinsa ya fito, Timbuktu na Abderrahmane Sissako, 2014, kan lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012. Makiyayi Kidane yana zaune lafiya a tantinsa da matarsa da 'yarsa, sai saniyarsa ta faɗa cikin komar wani masunci, masuncin ya soke ta. Kidane ya tafi neman ba'asi da bindiga a jikinsa, matarsa ta ce ya ajiye ta bai ji ba, aka yi kokawa cikin ruwa, harsashi ya fita. Daga nan sai mai ɗaukar hoto ya ja baya can nesa, ya bar ka da faɗin kogi da mutum biyu, ɗaya na gudu ɗaya na faɗuwa, babu kiɗan yabo. Sauran fim ɗin sakamakon wannan harsashi ɗaya ne a kan gida biyu. Wanda ya san yadda faɗan saniya da kuiɓin gona ya girma ya cinye Zamfara da gabashin Sakkwato zai gane abin da ake nuna masa. Akwai kuma limamin da ya tare masu bindiga da suka shigo masallaci da takalma, ya yi musu magana da sanyin murya har suka fita, wanda ya isa a nuna wa yara a matsayin jarumta. Kusa da wannan fim akwai The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, 2020, wanda aka yi da Hausa aka ɗauka a Taraba, kan 'yan'uwa mata biyu masu tallar nono da mahara suka kwashe. Maryam Booth ta fito a matsayin Zainab, wadda zaman daji ya juyar da zuciyarta, kuma wannan ita ce tambayar da garuruwanmu ke kauce wa: yaya za a karɓi wadda ta dawo, ko wadda ta dawo da goyo?

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, mutumin da ya wuni cikin fargaba ba wa'azi yake nema da dare ba, so yake ya manta. Na yarda da rabin wannan. Gidan da makokinsa bai yi arba'in ba, ko wanda ɗansa ke hannun mutanen daji yanzu haka, kada a kunna masa The Milkmaid, zalunci ne. Dariya kuma haƙƙi ce, shi ya sa Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, da attajirin tsohonsa marowaci da tulin 'ya'yan da ke jiran gado, ya cancanci wurinsa, haka tsofaffin finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro da na Samanja Mazan Fama ga wanda ya same su. Sai dai dariya daban, mantuwa daban. Wanda ya yi dariya da Badamasi ya tashi yana tunanin rabon gadon gidansu, wanda kuwa ya kwana yana kallon ana fasa kawuna ya tashi da zuciyar da ta ɗan ƙara sabawa da jini. Tsakanin dariya da kuka akwai shirye-shiryen Arewa24 masu dogon zango. Daɗin Kowa ya daɗe yana nuna gari guda da almajirinsa da ɗan ƙwayarsa da baƙon da rikici ya koro, abin da Isa da Sabon Birni ke gani kullum. Kwana Casa'in kuma, a jiharsa ta ƙirƙira mai suna Alfawa, ya buɗe yadda ake cinikin ƙuri'a da jarida da asibiti, kuma talakan da ya fahimci wannan ya fi wuyar saye da atamfa da taliya ranar zaɓe. Labarina na Aminu Saira yana da kyan aiki, amma ja yake kamar igiyar guga, mai ƙarancin data ya yi lissafi kafin ya fara.

Ƙorafin malamai ya fi wannan nauyi: kallo lagwu ne, yana cin lokacin karatu da na salla, yana shigo da shigar banza cikin gida. Ba a musun cewa akwai finafinan da suka cancanci wannan hukunci, kuma Kano ba ta kafa hukumar tace finafinai a 2001 don wasa ba. Amma a yau zaɓin da ke gaban magidanci ba tsakanin kallo da rashinsa yake ba. Bidiyon ɗan bindiga Bello Turji yana yawo a wayoyi ba tare da izinin kowa ba. A watan Agustan 2024, hoton marigayi Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, yana ɗaure a hannun waɗanda suka sace shi, ya shiga wayar manya da yara kafin labarin rasuwarsa ya iso. Uban da ya hana fim ya bar wannan, ya toshe taga ne ya bar ƙofa a buɗe. Gara ya zauna da iyalinsa su kalli Umar Mukhtar, fim ɗin Mustafa Akkad na 1981 kan tsohon malamin allo da ya yi shekara ashirin yana gwabzawa da Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931, su ga wurin da ya hana a kashe fursunan da aka kama, su tattauna bambancin mai yaƙi da ɗan ta'adda. Ertugrul na Turkiyya, da ya cika gidaje, yana da ladabi da girmama na gaba, sai dai takobinsa ya cika kyau, kuma kashi 150 ba ƙaramin rabo ba ne daga rayuwar ɗalibi. Shirin BBC na 2022 kan jagororin 'yan bindigar Zamfara, wanda Yusuf Anka ya yi, na manya ne zalla. An zarge shi da bai wa ɓarayi bakin magana, har hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar masu haska shi naira miliyan 5 kowanne, amma ya tsaya a kan gawa da masu kuka fiye da yadda ya tsaya a kan bindiga.

Saura matsalar harshe da samu. Timbuktu da Buzanci da Larabci da Faransanci ake magana a cikinsa, haka Sarraounia na Med Hondo, 1986, ba da Hausa aka yi shi ba, ko da yake labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne da ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi wa Birnin Ƙonni, maƙwabciyarmu, kisan ƙare dangi a shekarar. Wannan cikas yana da amfaninsa, domin yana tilasta a kalla tare, ɗan makaranta ko wanda ya yi zaman Maraɗi yana fassarawa, tsoho yana tsayar da fim ya ce ga abin da kakanni suka faɗa. Waya a hannun kowa cikin ɗakinsa ba ta ba da wannan. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a Satumban 2021, har da Isa da Sabon Birni, abin da ke cikin memori shi ne kaɗai abin kallon gida, kuma mai tura finafinai a bakin kasuwa shi ya zaɓa wa kowa. Shi kuwa ɗan kasuwa ne, abin da ake tambaya yake ajiyewa, masu fassara ma haka. Idan magidanta goma suka tambaye shi Shaihu Umar a mako guda, zai nemo. Wanda ba zai iya nemowa ba shi ne babban fim kan Bawa Jan Gwarzo, ko kan faɗuwar Alkalawa a 1808 da tashin Gobirawa zuwa Tsibiri, alhali kufan birnin yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, yaran da ke kiwo kusa da shi sun fi sanin sunayen dokin Ertugrul da mayaƙansa.