Tashin Gida Da Rigimar Dish

'Yar uwa, in kin taɓa tashi daga gidan haya kin san hidimar da ke ciki. Ki naɗe kwanuka da tsummoki kada su fashe, ki kwance gado, ki ƙirga tukwane, ki bi maƙwabta sallama kina neman gafara. To ni duk na yi waɗannan, abu ɗaya ne ban kawo shi a raina ba, shi ne kayan kallo, kuma shi ne ya so ya haɗa ni faɗa da maigidana.

A shekarar 2021 aka yi wa maigida canjin wurin aiki daga Kano zuwa wani ƙaramin gari a jihar Jigawa. A gidanmu na Kano muna da kayan kallo iri biyu. Akwai tsohon dish na kyauta da na saya da kuɗin adashena tun ina amarya, yana kafe a jikin bango. Akwai kuma dikoda ta biya, irin mai aiki da eriya, wadda muke saka wa kuɗi wata-wata. Sati biyu kafin mu tashi na kwashi adashe, sai na ce bari in huta da zancen biya, na zuba kuɗin wata 3 a lokaci ɗaya. Har ina yaba wa kaina wai na yi dabara.

Ranar tashi maigida ya kira yaro ya kwance dish, sai ga mai gidan haya. Ya ce, “Malam, a bar wannan. Duk abin da aka kafa a bango ai na bango ne, in kuka cire wa zai toshe min ramukan?” Maigida mutum ne mai kunya, ga mota ta cika tana jira, sai ya ce a bar shi. Ni kuwa ina daga cikin zaure ina ji, raina ya ɓaci, amma ban ce uffan ba. Dikodar dish ɗin kawai na cusa a cikin kwalin zannuwa, har na so in ba wa ƙanwata don a ganina ba ta da sauran amfani.

Muka isa sabon gida, bayan kwana biyu aka ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe, aka juya gabas aka juya yamma, talabijin ta ce babu sigina. Aka ƙara tsawon ƙarfe, shiru. Sai wani mai gyara da maƙwabciyata ta turo ya dube ni ya ce, “Hajiya, wannan ai ta birni ce. Daga turken da ke ƙasa take ɗauko hoto, ku kuwa kun yi masa nisa.” Na ce to kuɗina na wata 3 fa? Ya ce kwanaki tafiya suke yi, ko kin kalla ko ba ki kalla ba. Wallahi sai da na zauna a kan turmi.

Ba laifin kowa ba ne, nawa ne, don ban tambaya ba, alhali matambayi ba ya ɓata. Daga baya na zaunar da mai gyaran nan ya yi min bayani dalla-dalla, shi ne nake so in gaya miki don kada ki faɗa ramin da na faɗa.

Kin ga dai kayan kallon nan kashi uku ne. Akwai na eriya, irin GOtv da ya fara a 2011, da StarTimes da ya shigo Nijeriya a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA, kodayake shi StarTimes yana da na dish ma. Na eriya ba shi da wahalar kafawa, amma sai inda turkensa ya kai. Akwai na dish na biya, irin DStv da aka fara a 1995, wanda kamfaninsa ya buɗe tashar Africa Magic Hausa a 2010. Sai kuma dish na kyauta, wanda in kin sayi kayan kin gama, babu kuɗin wata. Shi dish daga tauraron ɗan adam yake ɗauko hoto, tauraron kuwa yana can sama wajen kilomita 36,000, shi ya sa ba ruwansa da birni ko ƙauye. Amma sai an saita fuskarsa daidai da tauraron, in ya goce ko kaɗan hoto ya tafi. Bishiya ko dogon bene a gabansa suna tare shi, ruwan sama mai ƙarfi ma yana ɗauke hoton har sai ya tsagaita. Kuɗin da kika biya kuwa yana kan lambar dikodarki ne, ba kan gidan ba, don haka ita ce abin riƙewa da kyau.

Sai rigima ta biyu ta taso. Maigida ya ce tunda abin ya zama haka a sayi dish na biya, babban tsari mai ƙwallon Ingila. Na ce, “Baban Ummi, da wane kuɗin? Ga haya mun biya, ga kuɗin mota, ga sabuwar makarantar yara.” Ya ce ai ni na zubar da kuɗin wata 3. Na ce ai shi ya bar min dish ɗina a bangon mutane. Kwana biyu muna gaisuwa sama-sama, abinci ma a rufe nake ajiye masa in shige ɗaki.

Abin da ya fi damuna ba fim ba ne. Baƙuwa ce ni a garin, ban san kowa ba, shi ya fita tun safe, yara suna makaranta, gida tsit sai kukan kaji. Wanda ke wuni a waje ba zai gane abin da akwatin nan yake yi wa matar da ke wuni a gida ba.

A dare na uku na ɗauko takarda da biro na ce mu rubuta abin da kowa yake kallo tsakani da Allah. Ni tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, musamman Daɗin Kowa, sai karatu da labarai. Yara zanen 'yan yara. Shi kuwa ƙwallo, ita ma yawanci Asabar da Lahadi, daga Agusta zuwa Mayu. Da muka duba sai muka ga za mu riƙa biyan kuɗin tashoshi rututu saboda wasan kwana biyu a sati. Ya yi shiru, can ya yi dariya ya ce, “Ina tsohuwar dikodarki?” Na zazzage kwalin zannuwa na fito da ita. Farantin dish da waya kawai muka saya, mai gyara ya kafa shi a kan ƙarfe a tsakar gida, nesa da darbejiya. Wannan karon ba a taɓa bangon kowa ba, kuma sai da muka gaya wa mai gidan a gaban shaida cewa namu ne, ranar tashi da shi za mu tafi.

Ba zan ɓoye miki ba, zaɓin nan yana da nasa farashin. Ranar Asabar maigida gidan kallo yake tafiya, wani lokacin sai bayan isha'i yake dawowa, ni kuma ba son hakan nake yi ba. Amma daidai ruwa daidai tsaki, ƙarshen wata ba ya zuwa mana da fargaba.

Don haka 'yar uwa, in tashi ya kama ku, kada ki biya kuɗin watanni gaba. Ki aika a tambayi maƙwabtan can abin da yake kamawa a unguwarsu. Ku yi magana da mai gida kafin a huda masa bango ko kwano. Dikoda da rimot da wayoyinsu ki haɗa su a jaka ɗaya, ki riƙe a hannunki a mota. Sannan ku zauna da maigida ku yi lissafin nan tun kafin mota ta zo ƙofar gida, kada ku bari sai rai ya ɓaci irin namu.

In kin ga gemun ɗan uwanki ya kama wuta, kin san sauran. Na bar ki lafiya.