Yadda wake ya cinye min gas a Legas

Gas ɗina ya ƙare ana saura kwana goma Baba ya turo kuɗin wata, kuma wallahi laifina ne.

Ni dai tun zuwana Legas, in na ɗora wake sai in ƙure wuta, tukunya a buɗe tana ta ɓararraka, wai don ya yi saurin nuna kafin lakcar ƙarfe biyu. Ruwa ya ƙone in ƙara, ya ƙone in ƙara. Abokin ɗakina, wani Bayerabe mai karanta injiniya, ya sha ce min in rage wutar. Ni kuwa a raina ina cewa, wannan da ko kanwa bai san ana sa wa wake ba, shi zai koya min girki?

Sai da silinda ta mutu na zauna ya yi min lissafi a bayan takarda. A nan bakin teku, ruwa in ya kai digiri 100 ya tsaya ke nan. Ko wutar maƙera ka hura masa, a buɗaɗɗiyar tukunya ba zai wuce haka ba. Duk zafin da ka ƙara, mayar da ruwan tururi yake yi. Kuma aikin ba ƙarami ba ne: kai lita ɗaya daga digiri 30 zuwa tafasa yana cin kilojul wajen 294, amma mayar da litar nan tururi yana cin kusan 2,260. Ninki bakwai da ɗoriya fa! Wato duk kofin da na ƙara a tukunya, kuɗin Baba ne ya bi ta taga.

Abin da ya ba ni kunya, ai na san wannan tun a gida. Randar Inna tana sanyaya ruwa ne saboda ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. A nan kuwa iska cike take da laima, shi ya sa gumi yake manne mana a jiki, ba ya bushewa balle mu ji sanyi.

Mutanen Jos, ku naku yana tafasa ne tun wajen digiri 96 saboda tudu, sai ku ƙara haƙuri da wake.

Yanzu ina jiƙa shi tun dare, yana tafasa in rage wuta, in rufe. A silindar Bayeraben nake girkin kafin kuɗi su shigo, kuma kullum sai ya leƙo ya duba wutar.