Daminar da Na Yi a Samaru

A ƙauyenmu, can ƙasar Malumfashi, ba a san magidanci ya bar gonarsa da damina ba, sai fa in ciwo ya kwantar da shi. Saboda haka ran da na gaya wa mahaifina zan tafi Zariya karatun dogon hutu, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ɗaga kai ya ce, "Kai da ke koya wa yara, me ya rage za a koya maka? Dawa ba ta jiran mai littafi." Na ce, "Baba, a yi mini gafara, a sa mini albarka." Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," amma fa ba da sakin fuska ba. A lokacin, watau cikin 2016, shekaruna 41, ga iyali, ga gonar da wuta-wuta ta addaba har ba ta ciyad da mu zuwa bazara. Na damƙa ta hannun ƙanena, na kama hanya.

Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru ne, bayan garin Zariya. An buɗe ta a 1962, aka sa mata sunan Sardaunan Sakkwato. In ɗalibai sun tafi hutu, sai malaman makaranta irina su zo su zauna ɗakunansu, su ƙaro ilmi. Mu huɗu muka haɗu ɗaki guda, tukunyarmu ɗaya. Da safe mu shiga aji, da dare mu tafi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, inda littattafai suka yi yawan da mutum ba ya ƙare su ko da zai shekara ɗari.

Ba a yi mako uku ba guzurina ya ƙare. Na ƙi aikawa gida, domin na san abin da na baro cikin rumbu. Sai na nemi ƙwadago a gonakin gwaji na ma'aikatar binciken noma, wadda aka kafa tushenta a Samaru tun 1922. Ran Asabar, da duk yammacin da ba darasi, in tuɓe riga in ɗauki fartanya. Da fari ɓoyewa nake yi, don kada abokan karatu su ga Malam yana noman kuɗi. Yanzu in na tuna wannan kunya sai in yi dariya, gama a nan na samo abin da ya fi amfanata.

Wata rana wani malamin gona, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, ya iske ni ina tuge wuta-wuta ina yar da ita cikin kwari. Ya ce, "Baba, in ta yi fure kada a bar ta a gona, a tara a ƙone." Na danne girman kai na tambaye shi dalili. Ya ce ƙwayarta ƙanana ce kamar ƙura, gindi ɗaya yakan zubar da dubbai, kuma takan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara goma. Ba ta tsirowa sai ta ji saiwar dawa, ko gero, ko masara kusa da ita, sa'an nan ta maƙale ta yi ta tsotso tun ba ta fito fili ba. Amma in aka shuka waken soya, ko gyaɗa, ko auduga, sai ta ruɗu ta tsiro, ta rasa abin kamawa, ta mutu. Na yi shiru. Ashe shekara da shekaru da hannunmu muke shuka wa kanmu abokiyar gaba!

Da na koma gida na iske dawa ta yi ja, yadda na zata. Ban yi gardama da kowa ba. Da damina ta kewayo na roƙi Baba ya bar mini gefen da ya fi lalacewa, na zuba taki, na shuka waken soya, muka riƙa tuge wuta-wuta kafin ta yi fure. Ba ta gushe a shekara guda ba, kada in yi muku ƙarya, amma kowace shekara tana raguwa. A shekara ta uku, da muka mai da dawa wurin, tsohon ya zaga gonar da sandarsa, ya dawo ya ce, "Wannan yaro na Samaru, in ka gan shi ka gaishe shi."

To, 'yan'uwa da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, kada ku ce kun tsufa, ko ku ji kunyar tambayar na baya gare ku. Gemu ba ya hana ilmi, matambayi kuwa ba ya ɓata. Takardar shaidar da na samo tana cikin akwati, amma amsar tambaya guda da na yi a bakin kunya, ita ce ke cikin rumbunmu.