Duk Wanda Ya Riga Zuwa

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To, mu dai mun sayi tamu rariyar a birnin Landan cikin watan Mayu na shekarar 2019, amma ba mu ga hujojinta ba sai bayan shekara uku da wata huɗu. Mun ga ya dace mu ba 'yan uwa labarin, domin kuwa motoci masu aiki da lantarki sun fara shiga ƙasashenmu, kuma irin takardar da muka sa wa hannu wata rana za a miƙo wa waninmu ita a Kano ko Yamai.

Abin da ya kai mu ga sayen motar ba ƙwalisa ba ce. A watan Afrilu na shekarar ne hukumomin Landan suka ɗora harajin fam 12.50 a kowace rana kan tsofaffin motoci masu hayaƙi da ke shiga tsakiyar birnin, ga shi kuwa wurin aikinmu a can yake. Tsohuwar motarmu mai shan dizal ta faɗa cikin wannan doka. Muka yi lissafi da uwargida, muka ga gara mu rabu da ita mu nemi wadda ake yi wa caji.

Ranar da muka je ɗauko sabuwar, saurayin da ya sayar mana ya kawo shayi, ya zaunar da mu, sannan ya zaro wata takarda. Ya ce idan muka biya kuɗin sabis tun yanzu, za a duba mana motar har sau uku ba tare da mun sake sa hannu a aljihu ba, ko da farashi ya tashi. Wanda ya taɓa shan wuya a hannun makanikai ai ba ya jin irin wannan albishir ya tsaya dogon tunani. Muka biya. A ƙasan shafin akwai wani ɗan layi da ƙananan baƙaƙe mai cewa tsarin zai yi aiki na shekara 3 ko mil 30,000, duk wanda ya riga zuwa. Mun gan shi, mun karanta shi, amma hankalinmu ya tafi kan mil 30,000 ɗin, wato kusan kilomita 48,000, muna cewa yaushe za mu cinye wannan tafiya?

Ashe ba tafiyar ce za ta kama mu ba, kwanakin ne. Ranar 23 ga Maris, 2020, gwamnatin Birtaniya ta ce kowa ya zauna a gida saboda annobar korona. Motar ta kwana ta wuni a ƙofar gida, tantabaru na yi mata kashi. Sabis na farko da ya kamata a yi a watan Mayu bai samu ba sai Satumba. Na biyu ya bi sawunsa a Satumbar 2021. A farkon 2022 kuma aka bugo mana waya cewa jikin mahaifiyarmu ya yi tsanani, muka tattara muka tafi gida jinya. Wata biyar muka yi. Wanda ke zaune a bakin gadon asibiti yana kallon ledar ƙarin ruwa tana ɗiga, ina shi ina tuna wata takarda da ke cikin aljihun mota a wata ƙasa?

Bayan mun dawo, a Satumbar 2022, muka kai motar gareji don sabis na uku. Matar da ke kan tebur ta danna kwamfuta, ta ɗago kai cikin ladabi ta ce tsarinmu ya ƙare tun watan Mayu. Muka ce ta leƙa ta ga agogon motar, ko mil 15,000 bai cika ba. Ta ce ta gani, amma shekara uku ta riga zuwa. Muka tuna mata cewa a 2020 gwamnati da kanta ta ƙara wa masu motoci wata shida kan wa'adin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Ta ce wannan gwamnati ce, su kuwa abin da ke cikin takarda suke bi. Haka muka sake biyan kuɗin aikin da muka riga muka biya.

Da yamma muka kai kuka wurin maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda shi ma ya sayi irin wannan tsari. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Malam, ai ku kun ci shekara uku. Ni da nake zuwa aiki Oxford kullum, kusan mil 60 zuwa, mil 60 dawowa, wata goma sha huɗu nawa ya yi ya mutu." A nan ne muka fahimci yadda aka ɗana abin. Ƙofa biyu ce, kuma ɗaya kawai ake bukata ta rufe. Mai yawan tafiya mil ne zai kama shi, mai zaman gida kwanaki ne za su kama shi. Wanda zai ci moriyar kuɗinsa cif-cif shi ne mai yin mil 10,000 a kowace shekara, ba ciwo, ba annoba, ba sauyin aiki. Mu dai ba mu taɓa haɗuwa da wannan mutumin ba.

Abin da ya ƙara ba mu haushin kanmu shi ne da muka zauna muka duba me ake yi wa motar a sabis ɗin. Motar lantarki ba ta da baƙin mai balle a yi mata juye. Ba fulogi, ba kuloci, ba salansa. Birkinta ma ya fi daɗewa, domin da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Abin da ya rage shi ne duba tayoyi, da man birki, da ruwan sanyaya batir, da canza matatar iskar cikin mota. Tayoyin kuwa, waɗanda su ne suka fi saurin cinyewa saboda nauyin batir, ba sa cikin abin da muka biya. Kamfanin Tesla ma a shekarar 2019 ya daina cewa lallai a kai motocinsa sabis kowace shekara.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa an cuce mu. Ba a ɓoye mana komai ba, kuma wannan awo mai baki biyu tsohon abu ne a cinikin mota. Garantin da Nissan ta sa wa batirin Leaf shekara 8 ne ko mil 100,000. Na Kia a Birtaniya shekara 7 ne ko mil 100,000. Sai dai akwai bambanci. Garanti yana zuwa ne tare da mota, in ya ƙare ba ka yi asarar kwabo ba. Tsarin sabis kuwa kuɗinka ne ka ajiye a hannun wani, in wa'adi ya cika ba ka karɓi aikin ba, sai dai ka yi haƙuri.

Saboda haka duk wanda aka miƙo wa irin wannan takarda, ya ajiye shayin tukuna. Ya lissafa mil nawa ya yi bara, ya kwatanta da nasu. Ya tambaya daga wace rana ake fara ƙirga kwanakin, ranar biya ko ranar rajistar mota. Ya tambaya ko ana mayar da kuɗin aikin da ba a yi ba, ko tsarin zai bi motar idan ya sayar da ita, da kuma nawa ne sabis ɗaya in za a biya shi nan take. In an ba shi amsa, ya ce a nuna masa a rubuce.

Mahaifiyarmu ta samu sauƙi, kuma da za a maimaita, wata biyar ɗin nan za mu sake zaɓa, sabis ya bi ruwa. Motar tana nan har yau. Takardar ma tana nan cikin aljihunta, mun ja wa wancan ɗan layin jan biro.