Kuskure 1722 a Wine: ba kullum laifin sabis ba ne

1/ Mu 'yan Sabon Birni da Isa, da kwamfuta ta yi gardama sai mu ce "ai sabis ne". To akwai matsalar da ko MTN ta kafa eriya a tsakar gidanka ba za ta warware ba. Ku biyo ni.

2/ Bayan Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, na fara sa wa mutane Linux Mint a tsofaffin kwamfutoci. Manhajojin Windows kuma ina tafiyar da su ta Wine. Wine tafinta ne: manhaja ta yi magana da yaren Windows, shi ya juya wa Linux.

3/ A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da namu biyu. Mai son kira sai ya nemi layin Nijar ta wajen iyaka. A lokacin kawuna ya aiko a kira ni shagonsa na magani.

4/ Kwamfuta biyu gare shi. Ta ciki mai Windows ita ke riƙe lissafin kaya da basussuka. Ta kan kanta mai Linux, ita ke tambayar ta ciki. Rannan ta tsaya cak: "RPC server is unavailable", lamba 1722. Ya ce, "Ɗana, bashin mutane duk yana ciki, kuma sabis sai yadda Allah ya yi."

5/ Na ce, "Kawu, RPC ba ruwansa da intanet." Aike ne kawai: wannan kwamfuta ta ce wa waccan yi min kaza, ki maido amsa. Muddin suna ganin juna, shi ke nan.

6/ Abin da ya faru: da sabis ya ɗauke, yaran shago suka kashe MiFi, wai ba ta da amfani, suka haɗa kwamfutocin da waya. Alhali MiFi ce ke raba musu adireshi, ko babu sabis.

7/ Matakin farko: na ba kowacce adireshi tsayayye, 192.168.1.10 da 192.168.1.11, na gwada ping. Ta amsa. Na biyu: manhajar da suna take neman ta ciki, don haka na rubuta sunan da adireshin a /etc/hosts.

8/ Na uku: ƙofofi. Ƙofa ta 135 kamar ɗan kamasho ce a tasha. Ba ya kai ka Sakkwato, yana nuna maka motar da ke lodi ne. Ainihin maganar tana bi ta wata ƙofar, tsakanin 49152 da 65535.

9/ Na gwada nc -zv 192.168.1.10 135. Shiru. Windows ta ɗauki sabon haɗin a matsayin na baƙi, Firewall ya rufe komai. Na buɗe 135, ɗan kamasho ya amsa, amma kuskuren na nan.

10/ Sai na kunna manhajar da WINEDEBUG=+rpc, na ga tana ƙwanƙwasa ƙofa ta biyu ba a buɗe mata. Maimakon in wangale dubban ƙofofi, na yi wa manhajar ita kaɗai izini a Firewall, daga adireshin kanta kawai. Lissafi ya fito.

11/ Gargaɗi: in manhajarka da DCOM take magana tsakanin kwamfutoci, Wine bai ƙware a nan ba. Kada ka kwana kana fama, sa Windows a cikin VirtualBox.

12/ Jerin dai: waya, adireshi, suna, 135, ƙofa ta biyu, sannan Wine. Ku kwafe shi a takarda, ku sauke fayilolin girka Wine a filash tun akwai sabis. A yankinmu, ranar da za ka buƙaci Google ba lallai ka same shi ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya. A tura wa masu gyara.