Idan kuran ya dawo, wa zai tada ta?

Duk wanda ya zauna Magariya ko Dungas ya san shewar da yara ke yi idan kuran ya dawo bayan ya jima da tafiya. Fanka ta kama juyi, firijin mai ƙanƙara ya kama gurnani, fitilu su haska, ba tare da wani ya ce musu uffan ba. Kwamfuta kuwa ba haka take ba. Wuta na iya shigarta, ta farka, sannan ta yi zaune tana jiran umurni, kamar yaron da aka aika kasuwa ba a gaya masa abin da zai sayo ba. A ofisoshin Yamai wannan ba wata matsala ba ce, domin mai danna maɓalli yana kusa. A ƙauyen da ya yi nisa da kwalta, shi ne ke raba na'ura mai amfani da wadda ƙura za ta binne cikin kabad.

Gundumomin nan biyu, waɗanda suke guda har zuwa 2011 da aka yanke Dungas daga Magariya, suna cikin yankuna mafi cikar jama'a a jihar Damagaram: ƙidayar 2012 ta ba Magariya mutum sama da dubu 570, Dungas kuma sama da dubu 350. Kuran ɗin da ke zuwa wannan yanki daga Najeriya yake shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 aka maido. Ƙauyuka da dama ma waya ba ta taɓa kai musu ba. Abin dogaronsu pano ne bisa rufin kwano da batir a ƙuryar ɗaki, wanda kan ƙare kafin asuba idan hazo ya rufe rana ko hadari ya wuni a sama. Ke nan na'urar da aka girka a irin wannan wuri za ta mutu ta tashi sau da yawa a mako, ko ana so ko ba a so.

Wadda ake zance a kai ƴar ƙarama ce, falle ɗaya, girmanta bai wuce na katin shaidar ɗan ƙasa ba. Sunanta Raspberry Pi. A garin Kambirij na Ingila aka ƙirƙiro ta, ƙarƙashin jagorancin Eben Upton, ta fito kasuwa a watan Fabrairu na 2012 a kan dalar Amurka 35, da nufin yaran makaranta su samu abin koyon sarrafa kwamfuta. Bolt 5 take ci, kamar wayar salula. Ba ta zuwa da gilashin kallo ko madannai, kuma dukan abin da ta sani yana cikin katin memori irin wanda samari ke zuba waƙoƙi. Yawancin samfuranta ko maɓallin kunnawa ba su da shi: da wuta ta shiga sai ta tashi. Wannan sauƙi ne ya sa masu aikin ilimi suka rungume ta. Gidauniyar Orange, a shirinta na makarantun zamani da ta soma a 2014, wanda Nijar na cikin ƙasashen da ya shafa, ita ta sa a matsayin rumbun littattafai da darussa, ɗalibai na ɗiba da allunan hannu ba tare da intanet ba. Manhajar Kiwix kuma, da aka fara a 2007, tana iya ɗauke Wikipedia sukutum, ta Faransanci da ta Hausa, a cikin kati guda.

Wani daraktan lakol a wani ƙauye da ke kan hanyar Dungas zuwa Maigatari ya samu irin wannan kyauta daga wata ƙungiya. An zo da mota fara, an ɗaura pano, an tara iyayen yara, mai gari ya sa albarka, injiniyan da ya zo da su ya haɗa madannai ya buga wasu kalmomi, sai ga taswirar Afirka a allunan yara. Kwana uku ana murna. A dare na huɗu batir ya ƙare. Da hantsi wuta ta dawo, jan ƙwan na'urar ya kama, amma allunan ba su ga komai ba. Darakta ya cire waya ya mayar, ya hure ƙura, ya yi bisimilla ya sake, shiru. Injiniya ya riga ya koma Damagaram, daga can sai Yamai, lambarsa kuwa ba ta shiga.

Ba abin da ya lalace. Manhajar da ke rarraba darussa da hannu aka tada ta ranar biki, kuma ba wanda ya rubuta wa na'urar cewa ta riƙa tada ta duk lokacin da ta farka. Abin da ya gano haka tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya bar karatu a koleji ya buɗe rumfar caji da gyaran salula a kasuwar Dungas.

“Mushe, lafiyarta lau,” in ji saurayin. “Ta tashi, amma ba a gaya mata aikinta ba.”

“To ɗana, kullum sai an nemo ka ke nan?”

“A'a, ranka ya daɗe. Sau ɗaya ake rubuta mata.”

Wannan sau ɗayan shi ne dukan zancen, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tsarin da ke tafiyar da na'urar, Linux, idan ya farka yakan bi ayyukansa daki-daki, kamar yadda uwargida ke hura wuta kafin ta ɗora tukunya. Abin da ake bukata shi ne a cusa rubutaccen umurni cikin wannan jeri. Tsohuwar hanya ita ce wani fayil mai suna rc.local, inda akan ƙara layi guda kafin layin ƙarshe; tana da sauƙi, sai dai idan umurnin irin wanda ba ya ƙarewa ne, kuma aka manta ba a sa masa alamar & a wutsiya ba, yana iya tare hanya ya hana sauran ayyuka wucewa, ga shi kuma sababbin tsare-tsare sun soma watsar da ita. Akwai cron, mai kula da ayyukan lokaci-lokaci tun zamanin Unix, wanda idan aka rubuta masa @reboot a gaban umurni zai aiwatar da shi sau ɗaya a kowace farkawa. Amma sau ɗaya ne tak. In manhajar ta faɗi da azahar, cron ba ruwansa, ya gama nasa.

Ta uku, systemd, wadda tsarin Raspberry Pi ya koma kanta a 2015, ita ta fi dacewa da ƙauye, ko da yake tsofaffin masana sun daɗe suna yi mata ƙorafi. Ana rubuta ɗan fayil na layuka kamar goma: ga sunan aikin, ga cikakken wurin da umurnin yake, ga abin da zai jira kafin ya fara, sannan layin da ya fi kowane daraja, Restart=always, ma'ana ko ya faɗi sau nawa a sake tada shi. A rufe da systemctl enable, shi ke nan. Wannan ce saurayin ya bi. Bai yi nasara a karon farko ba, domin manhajar ta riga hanyar sadarwar na'urar tashi, ta nemi ƙofa ba ta samu ba; sai da ya ƙara layin jira. Gwajinsa kuwa ba na littafi ba ne: ya fizge waya, ya ƙirga goma, ya mayar, har sau biyar, darakta na tsaye da allo a hannu.

Akwai sauran tarkuna biyu da ba a cika faɗa wa waɗanda ake ba kyautar ba. Samfuran da suka gabaci Raspberry Pi 5 na 2023 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya bayan wuta ta ɗauke. Daga intanet suke tambayar lokaci, inda babu intanet kuwa sai su ci gaba daga sa'ar da suka sani ta ƙarshe. Ga lakol wannan ƙaramin abu ne. Ga gidan likita da ke son na'urar ta riƙa rubuta sanyin firijin allurar rigakafi, rajistar da kwanan watanta ya karkace ba ta da amfani, kuma maganin abin ɗan agogo ne mai batir kamar kwabo da ake maƙala mata. Na biyu shi ne katin memori, wanda kan ɓaci idan wuta ta yanke ana cikin rubutu a kansa. Tsarin yana da zaɓin kulle katin ya zama na karantawa kaɗai, kuma mai hankali yakan kwafi kati na biyu ya ajiye cikin ambulan a aljihun tebur.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1964 aka soma koyarwa ta talabijin a lakol-lakol na ƙasar, a 1968 kuma aka gwada kunna akwatin da hasken rana kusa da Yamai, a zamanin da ƙasashe masu arziki da yawa ba su kai ga haka ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana shugabantar ONERSOL a kan wannan aiki na rana. Akwatin talabijin dai maɓalli ɗaya gare shi, kowane mushe na iya murɗawa. Na'urar yau ta fi shi sani nesa ba kusa ba, amma ta fi shi bukatar wanda ya san harshenta, kuma takardun yarjejeniya da ake sa wa hannu a Yamai sukan lissafa pano nawa, allo nawa, ba su cika tambayar ko an fizge waya an gani kafin mota ta juya ba.

Darakta ya sa saurayin ya kwafe layukan nan da biro a shafin ƙarshe na rajistar lakol, harafi bayan harafi, da bayanin kowane layi da Hausa a gefensa, saboda ana iya yi masa canjin wurin aiki a kowace shekara, shi ma saurayin yana zancen tafiya Kano cin rani. Sannan ya zaɓi yara biyu na ajin ƙarshe, mace da namiji, ya ɗora musu duba allo kowace safiya kafin a ɗaga tuta, su zo su gaya masa ko taswira ta fito.